Dodon Koɗi a Lambun Kambaza: Kare Shuka Ba Tare da Guba Ba

 

Duk wanda ya taɓa renon latas ko kabeji a ƙarshen damina ya san irin wannan safiya. Jiya da magariba tsiro ya fito kore shar, ganye bibbiyu, yau da hantsi rabin fangali ya koma ƙasa, abin da ya rage kuma duk huji. Babu tsutsa a kai, babu fara a kusa. Sai wani siririn layi mai ƙyalli da ya bushe a kan ƙasa da ganye. Sawun dodon koɗi ke nan, ko dai mai kwanso a baya, wanda yara ke wasa da katantanwarsa, ko ɗan'uwansa marar kwanso, mai laushi da yauƙi. Marar kwanson ya fi ɓarna, domin yana kutsawa cikin tsagar ƙasa da cikin ƙullin kabeji, inda mai kwanso ba ya iya shiga.

Dodon koɗi ba shi ne babban abokin gaban manomin Kebbi ba, kuma bai kamata a ƙara masa girman da bai kai ba. Mai albasa ya fi kuka da ƙananan ƙwarin nan da ke ɓuya a tsakanin ganye suna tsotse ruwansa, da cutar da ke ƙona ganye idan raɓa ta yi yawa. Mai tumatir bai manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar da aka laƙaba wa suna Ebolar tumatir ta share gonaki a Kano da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Zafin Afrilu na wannan yanki, wanda kan haura digiri 40, yana yi wa manomi rabin aikin da mai lambu a Ingila ke yi da kuɗinsa. Amma ɓarnar dodon koɗi tana faɗowa ne a lokaci mafi tsada, wato daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da ƙasa ke da laima kuma ake renon irin da za a dasa da rani. Irin albasa mai kyau ba arha ba ne, kowa ya sani daga nan har Aliero. Wanda ya rasa reno ya rasa lokacin dashe, wanda kuma ya yi dashe a makare zai tarar da zafi kafin albasarsa ta gama ƙosawa. Asarar dare biyu a watan Satumba sai ta bi mutum har cikin rudun ajiyar albasa a watan Maris.

Kafin a yi maganar magani, sai a san halittar. Mafi yawan jikin dodon koɗi ruwa ne, fiye da kashi 80 cikin 100, kuma fatarsa ba ta riƙe ruwa kamar ta ƙwaro. Duk tafiyar da zai yi sai ya shimfiɗa yauƙi ya bi ta kai, yauƙin kuma daga ruwan jikinsa yake fita. Saboda haka busasshiyar ƙasa tana ci masa jiki. Shi ya sa yake fita da dare, ko bayan ruwan sama, ko da asuba kafin raɓa ta ɗauke, da rana kuma ya shige ƙarƙashin ciyawa, dutse, tsohon buhu ko tarin taki. Ba ya cizo, kankara yake yi da wani harshe mai dubban ƙananan haƙora, abin da ke sa hujin da yake bari ba shi da tsari, wani babba wani ƙarami, har a tsakiyar ganye.

Kowane ɗaya namiji ne kuma mace, don haka duk biyun da suka haɗu kowannensu na iya yin ƙwai. Ƙwan farare ne, ƙanana, a dunƙule cikin ƙasa mai laima, kusa da sama. Idan rani ya yi, mai kwanso yakan shige ciki ya toshe ƙofa da busasshen yauƙi ya kwanta watanni, marar kwanso kuma ya nutse cikin ƙasa. Ruwan farko ne ke tashe su. Wannan ya nuna cewa lambun da ake ba ruwa shekara gaba ɗaya, a bakin rijiya ko a gindin mangwaro a fadama, shi ne mafakarsu, daga nan suke yaɗuwa zuwa fangalin maƙwabci.

Ba kowace ɓarnar dare ba ce tasa, kuma kuskuren gane mai laifi yana cin kuɗi. Gyare yana datse tsiro daga gindi ya ja shi zuwa raminsa. Tsutsa tana barin kashinta baƙi-baƙi a kan ganye. Ƙwarin albasa suna barin farin tabo mai ɗan ƙyalli wanda wasu ke ɗauka sawun dodon koɗi ne, amma tabon nan a cikin naman ganye yake, ba ya gogewa, alhali yauƙi yana fita idan aka shafa shi da jiƙaƙƙen yatsa. Wanda ke shakka ya ɗauki tocila bayan sallar isha'i ya zaga fangalinsa. A wannan lokacin mai ɓarnar yana kan aiki, ido zai gan shi.

Abin da yawancin manoma ke yi da zarar sun ga huji shi ne zuwa kasuwa a sayo maganin feshi. A nan ne kuɗi ke zubewa a banza. Dodon koɗi ba ƙwaro ba ne, danginsa su ne katantanwar ruwa da kawa. Yawancin magungunan da ake fesa wa ƙwari ba don shi aka yi su ba, ga shi kuma lokacin da ake feshin yana ɓoye a ƙarƙashin ƙasa. Waɗanda maganin ke samu su ne ƙwarin da ke cin ƙwansa, da kwaɗi, da mai feshin kansa wanda sau da yawa ba shi da takalmi balle abin rufe hanci, sannan masu cin latas ɗin ɗanye a kwaɗo ko a kan shinkafa da wake. Nijeriya ta riga ta ɗanɗana sakamakon wannan ganganci: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga ƙasar nan saboda yawan gubar da aka samu a jikinsa, irin sinadarin da ke cikin piya-piya. Ganyen da ake tsinka yau a ci yau ya fi wake hatsari, tunda ba a adana shi balle gubar ta ragu.

To, mene ne ke aiki? Abu na farko ba ya buƙatar ko sisi, lokacin ban ruwa ne kawai. A ƙasar Suwizalan, a wani bincike da aka buga a 1998, masana sun kwatanta latas da ake ba ruwa da yamma da wanda ake ba da safe. Wanda ake ba da safe ɓarnarsa ta ragu ƙwarai, har ta yi daidai da ta fangalin da ake ba ruwa da yamma aka kuma zuba masa ƙwayar guba. Dalilin a fili yake. Ruwan yamma yana barin ƙasa jiƙe daidai lokacin da dodon koɗi ke fitowa, ya yi ta yawo har asuba ba tare da ya yi asarar ruwan jikinsa ba. Ruwan safe kuwa saiwa ta sha, rana ta busar da saman ƙasa, da dare ya tarar da hanya a bushe.

Manomin Kambaza zai ce ai da yamma ruwa ya fi zama, da safe rana ke shanye shi, ga man fetur na injin ban ruwa da tsada. Maganarsa gaskiya ce, amma a watan Maris da Afrilu. A waɗannan watanni dodon koɗi yana kwance, don haka ban ruwan yamma ba shi da laifi. Lokacin da ake buƙatar canji shi ne daga tsakiyar damina zuwa farkon hunturu, sa'ad da rana ba ta da ƙarfin shanye ruwa da yawa kuma reno yana ƙarami. Wata uku ne kawai a shekara ake roƙon mutum ya juya al'adarsa, kuma wata ukun nan su ne waɗanda juyawar ba ta jawo masa asara.

Abu na biyu shi ne mafaka. Al'ada ce mai kyau a rufe fangalin reno da busasshiyar ciyawa bayan an yafa iri, don kada ruwa ya kwashe shi ko rana ta ƙona shi. Amma da zarar iri ya tsiro, cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, ciyawar ta gama aikinta. Barin ta a kai, ko tara ta a kan kunyar fangali kamar yadda ake yawan yi, daidai yake da gina wa ɓarawo ɗaki a ƙofar rumbu. A kwashe ta a kai nesa, ko a ɗaga ta a kan 'yan sanduna ta zama rumfa, iska na ratsawa ta ƙasa. Haka nan ganyen kabeji da aka fige aka watsar a hanyar ruwa, da tsofaffin buhunan taki, da fasassun tukwane, da ciyawar da ta cika gindin shinge. Tarin takin gida ya kasance can gefe, ba a jikin reno ba. Da damina a yi fangalin reno a tudu, ƙasarsa ta ɗara hanya tsawo, a bar mai zurfi sai rani. Kuma kafin a yafa iri a kafce ƙasa a bar ta kwana biyu ko uku a rana, ƙwan da ke ciki zai fito fili ya bushe, abin da ya rage kaji da tsuntsaye su tsince.

Yafa iri da kauri ma yana taimakonsa. Tsiron da ya cunkushe yana riƙe laima a gindinsa dare da rana. Reno a layi-layi, da tazarar da hannu zai shiga, ya fi bushewa da wuri, ya fi sauƙin dubawa, kuma yana ba da dashe mai ƙarfi.

Na uku shi ne hannu, kuma kada kowa ya raina shi. Dodon koɗi ba ya gudu. Mutum ɗaya da tocila da bokiti mai ruwan sabulu zai iya tsince fangalin reno cikin ɗan lokaci, idan kuma ya jera dare biyar ko shida yana yi, zai ga adadin na raguwa kowane dare. Wanda ba ya son fitar dare saboda maciji, kuma tsoron yana da dalili a fadama, sai ya sa dodon koɗin ya tara kansa. A ajiye jiƙaƙƙen buhun algarara, ko guntun katako, ko ɓawon kankana a kife, ko ganyen gwanda, a gefen fangali da yamma. Da safe a ɗaga, za a same su manne a ƙasa. Sharaɗin kawai shi ne a riƙa ɗagawa kullum, domin tarkon da aka manta da shi ya zama gida. A sa leda a hannu wajen tsintar, a wanke hannu bayan an gama, kuma latas da kabejin da za a ci ɗanye a wanke su ganye-ganye, domin dodon koɗi na iya ɗaukar tsutsotsin da ke cutar da mutum.

A Turai masu lambu sun daɗe suna binne ƙaramin kofi da giya a ciki, warin tsaminta ya jawo su su faɗa su nutse. Wannan ba hanyar da za a kawo wa mutanen ƙasar Gwandu ba ce, kuma an samu abin da ya wadatar daga gare ta. A 2021 masana a jami'ar jihar Oregon ta Amurka suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi, inda suka gano cewa kwaɓin fulawa da ruwa da yis, irin wanda mai fanke ke ajiyewa ya tashi, yana jawo dodon koɗi iri-iri sosai, kuma ƙarfinsa kan kai sama da mako guda. A wani wuri a jihar Montana an tara sama da 18,000 cikin kwana biyu da wannan kwaɓi. Yadda za a yi a nan mai sauƙi ne: a dama shi da ruwa-ruwa, a zuba a gwangwanin madara ko na tumatir, a binne gwangwanin a bar bakinsa ya ɗan ɗara ƙasa don kada ƙwari masu amfani su faɗa, a ɗora wani abu a sama saboda ruwan sama da awaki. A ajiye shi a bakin lambu, ta inda suke shigowa, ba a tsakiyar reno ba, tunda abin da ke kira ne.

Sai maganar abubuwan da ake zagaye fangali da su, kuma a nan akwai labari da yawa da aiki kaɗan. Ana cewa ɓawon ƙwai yana yanka cikinsa, ana cewa tsakuwa, ana cewa jan ƙarfe. A 2018 babbar ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya ta gwada biyar daga cikin irin waɗannan dabaru a lambunta na Wisley, a kan latas 108, na tsawon mako shida: ɓawon ƙwai, tsakuwa mai kaifi, ɓawon itace, gashin tumaki da zaren jan ƙarfe. Da aka auna ganyen, babu wani bambanci tsakanin wanda aka kare da wanda aka bari haka. Yauƙin da yake shimfiɗawa yana kare shi daga kaifi. Mai ɓawon ƙwai ya niƙa ya zuba wa kajinsa, can ya fi amfani.

Toka dabam ce, domin ba kaifi take aiki da shi ba, tsotse ruwa take yi. Busasshiyar tokar murhu, idan aka zuba ta da faɗin tafin hannu kewaye da fangali, tana hana shi ƙetarewa. Amma daga ruwan sama ɗaya, ko raɓa mai nauyi, ta zama taɓo, sai an sake. Shi ya sa ta fi dacewa da ƙarshen Oktoba da Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke. Kada kuma a zuba ta a kan ɗanyen tsiro, tana ƙona shi, yawanta a wuri ɗaya shekara da shekaru yana canza ƙasa. Gishiri kuwa yana kashe dodon koɗi nan take, yara ma sun san haka, amma kada ya kusanci fangali, haka ita ma kanwa. Ƙasar da ake ba ruwa a wuri mai zafi dama tana tara gishiri da kanta, farin nan da ke fitowa a saman kunya da rani shi ne shaida, kuma albasa da latas duka ba sa jure shi. Wanda ke son amfani da gishiri ya sa shi a cikin bokitin da yake jefa waɗanda ya tsinta, ya zubar da ruwan nesa da gona.

Dogon yaro fa? Kusan duk taron manoma sai an ambace shi, kuma ya cancanci ambato. A 1959 wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa farar dango ta cinye komai ta bar wannan itace, a 1968 kuma aka ware sinadarin da ke cikin 'ya'yansa a Ingila. Rabin kilo na dakakken ƙwallon dogon yaro a lita 10 ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace a fesa da yamma, yana hana tsutsa da fara da ƙwari masu tsotso cin ganye. Ƙarfinsa a kan ƙwari yake. A kan dodon koɗi taimako ne kawai, ba a dogara da shi kaɗai. Ruwan tafarnuwa mai kauri ya nuna ƙarfi a gwajin da aka yi a jami'ar Newcastle ta Ingila a 2003, amma shi ma ruwan sama na wanke shi. A Hawai an nuna a 2002 cewa sinadarin da ke cikin kofi, wanda ke cikin goro da shayi ma, yana kashe su idan ya kai kashi 1 zuwa 2 cikin 100, sai dai wannan kauri ya ninka na kofin da ake sha sau da yawa, kuma yana iya ƙona ganye. Ragowar ganyen shayin mai shayi ba zai kai ko kusa ba.

Akwai ma'aikatan da ba a biya. A wata gonar inabi da ake kira Vergenoegd kusa da Stellenbosch a Afirka ta Kudu, tun 1984 ake kiwon agwagi, ana kora su cikin gona da safe su tsince dodon koɗi da ƙwansa. Agwagwar gida da zabi da kaji za su yi wannan aiki a nan, da sharaɗin a sake su kafin shuka ko bayan girbi, domin agwagwa tana son latas kamar yadda take son abin da ke cin latas ɗin. Kwaɗo da bushiya da tsuntsaye suna nasu aikin ba tare da an kora su ba. Yaron da ya kashe kwaɗo a lambu ya rage wa mahaifinsa ma'aikacin dare, ya kamata iyaye su gaya wa yara haka.

Wani zai tambaya, shin babu maganin da aka yi musamman don dodon koɗi? Akwai, ƙwaya ce mai launin shuɗi da ake kira metaldihaid. Tana aiki, amma tana kashe kare da kaza da tsuntsu da bushiya, tana kuma bin ruwa ta shiga kogi. Birtaniya, inda ake fama da wannan halitta sosai, ta haramta amfani da ita a fili daga 1 ga Afrilu 2022. Wadda suka koma wa an yi ta ne da sinadarin ƙarfe, ta fi sauƙin illa ga dabbobi. A gidan da kaji ke kiwo har cikin lambu, yara ƙanana kuma na tsintar duk abu mai launi su kai baki, shuɗiyar ƙwayar nan ba ta da wurin zama.

Ba zai yiwu a yi wannan magana a ƙasar fadama a tsallake 'yan'uwansa na cikin ruwa ba, domin su ba ganye suke ci ba, lafiyar mutum suke taɓawa. Ƙananan katantanwar da ke cikin kududdufi da tafki da magudanar ban ruwa su ne ke renon tsutsar tsargiya. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, ya hayayyafa, ya fito ya huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, manomi mai dasa shinkafa ko yaro mai wanka. Fitsarin jini ga yaro namiji ba alamar balaga ba ce, cuta ce, kuma tana da magani a asibiti. Wata katantanwar kuma ita ke ɗauke da tsutsar da ke lalata hantar shanu da tumaki masu kiwo a dausayi, mahauta sun san yadda irin wannan hanta take.

Abin sha'awa shi ne maganin gargajiyar wannan katantanwa yana tsaye a dajin nan. A 1933 wani likita ɗan Birtaniya da ke aiki a Khartum, mai suna Archibald, ya rubuta cewa 'ya'yan aduwa, idan aka jiƙa su a ruwa, suna kashe katantanwar tsargiya da tsutsar kanta. A 1964 masanin Habasha Aklilu Lemma ya lura a garin Adwa cewa katantanwa na mutuwa a ƙasan inda mata ke wanki da 'ya'yan wani tsiro mai kumfa da suke kira endod, binciken da ya kai shi ga lambar yabo ta duniya a 1989. Sinadarin mai kumfa ne ke aiki a duka biyun. Sai dai abin da ke kashe katantanwa yana kashe kifi. Wannan dabara ta ƙaramin rami ce ko kududdufin lambu wanda ba ya haɗuwa da kogi, kuma da shawarar ma'aikacin lafiya. Jihar da ke alfahari da kamun kifin Argungu ba ta zuba aduwa a gulbi. Share ciyawar magudana, barin magudanar ta bushe lokaci-lokaci, da sa takalmin roba, su ne abin da kowane mai lambu zai iya yi daga gobe.

Akwai kuma wata baƙuwa da ya kamata masu shinkafa na Kalgo da sauran fadamun Kebbi su san kamanninta tun kafin su gan ta. Babbar katantanwar ruwa ce daga Kudancin Amurka, an kai ta Asiya a wajajen 1980 don a ci, ta kuɓuce ta zama annobar shinkafa a Filifin da maƙwabtanta. A 2020 ta ɓulla a Mwea, babbar fadamar shinkafa ta Kenya. Tana datse shinkafar da aka dasa tana ƙarama, alamarta kuma ba ta ɓuya: dunƙulen ƙwai ruwan hoda mai haske, manne a jikin kara ko bangon magudana, sama da ruwa. Manoman Asiya sun koyi zama da ita ta hanyoyi irin su tsinta da hannu, murƙushe ƙwai, jan ta da ganyen gwanda, sakin agwagi, dasa shuka da ta ɗan girma, da rage ruwa ya zama kaɗan a makonnin farko. Jihar Kebbi, wadda aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a babban birninta a Nuwamba 2015, tana da abin asara mai yawa. Tsadar makara kuwa jihar Florida ta Amurka ta san ta: babban dodon koɗin Afirka ya sake ɓulla a Miami a 2011, sai da aka yi shekara goma, aka tsinci kimanin 168,000, aka kashe sama da dala miliyan 20 kafin a gama da shi. Duk wanda ya ga ƙwai ruwan hoda a kan karan shinkafa ya murƙushe shi, ya ɗauki hotonsa da waya, ya kai wa malamin gona ko ofishin hukumar bunƙasa noma ta jiha, KARDA, a ranar.

Kusan duk gwaje-gwajen da aka kawo a nan a ƙasashen sanyi aka yi su, a kan ƙasa da yanayin da ba na Gwandu ba. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, ga jami'ar tarayya a Kalgo, dukkansu tafiyar ƙasa da yini daga lambunan nan, kuma kowace shekara ɗalibai na neman abin da za su yi bincike a kai. Amma manomi ba sai ya jira su ba. A renon bana ya ware fangali huɗu masu girma ɗaya, iri ɗaya, rana ɗaya. Ɗaya ya ba shi ruwa da yamma kamar kullum, ɗaya da safe, ɗaya da safe da zagayen toka, ɗaya da safe da gwangwanin kwaɓin fulawa a gefe. Bayan mako uku ya ƙirga tsiron da ya rage a kowanne, ɗansa ɗan makaranta ya rubuta a littafi. Idan mutum goma a Kambaza suka yi haka, wasu goma a garuruwan Dalijan da Malisa, sarkin noma ya tara littattafan bayan dashe a kai wa malamin gona, shi kuma ya miƙa wa malaman Aliero su duba.